Wata uku a hannun masu dafa abincin rage ƙiba a Kano: abin da kuɗina ya saya

Mako biyu bayan babbar sallah likita ya ce in hau sikeli, allura ta tsaya a kan kilo 98, alhali tsawona mita 1.72 ne kacal. Ya duba awon jinina da na sukari, ya ce ban kamu da ciwon suga ba tukuna amma ina tsaye a bakin ƙofarsa, hawan jini kuma ya riga ya fara leƙowa. Ba ranar aka fara ce mini in rage ƙiba ba, kuma ba ranar na fara ɗaura niyya ba. Abin da ya saba faruwa shi ne in wuni ina kame baki kamar mai azumi, da zarar an idar da sallar isha'i sai in rama duk abin da na bari, har da riba. Saboda haka da wani abokin aikina ya ba ni labarin wani gidan girki a cikin Kano da ke auna wa masu neman rage ƙiba abinci, a dafa, a kai musu ofis da gida, sai na yi rajista, na kuma zauna da su wata uku cur. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin ina da ƙorafe-ƙorafe a kansu, su kuwa ƙaramar sana'a ce da mutane suke ciyar da iyalinsu da ita.

Abin da ake biya wa kuɗi shi ne abincin rana da na dare daga Litinin zuwa Juma'a, da takardar da ke nuna abin da mutum zai karya kumallo da shi a gida, da awo sau ɗaya a mako, sai kuma kiran waya daga shugabar wurin, wata mata da ta karanci kimiyyar abinci, wadda kowa yake kira Malama. Ranar farko ta auna nauyina da tsawona da faɗin ƙuguna, ta yi lissafin nan da ake raba nauyi da tsawo sau tsawo, ta samu 33. Ta bayyana mini cewa a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya kai 25 nauyinsa ya wuce kima, wanda ya kai 30 kuwa ya shiga sahun masu teɓa. Ina jiran ta fara lissafo mini abubuwan da aka haramta mini, sai ta yi mini wata tambaya dabam.

"Malam, da ƙarfe nawa ne ranka yake biya maka abin da ba ka yi niyyar ci ba?"

Na ce, "Ai kowane lokaci ne, Malama."

Ta ce, "Ba kowane lokaci ba ne. Je ka rubuta mini na mako guda, za ka gani da idonka."

Ta miƙo mini ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare, an ja masa layuka: lokaci, wurin da nake, wanda nake tare da shi, abin da raina ya biya, da kuma ko na ci ko na haƙura. Na karɓa ina jin haushi a raina, domin kuɗin da na ajiye musu na wata ɗaya ya kusa kashi ɗaya bisa huɗu na albashina, ga shi an sallame ni da littafin da yarana suke saye a shagon ƙofar gida. Yanzu da na kammala, hukuncina shi ne wannan littafin da kiran wayar da ke biye da shi su ne kayan da suka ci kuɗinsu, kulolin abincin kuwa rakiya suka yi.

Ba wai abincin ba shi da kirki ba ne. A ranakun da suka tsaya kan girkinmu na gida, babu abin da zan kushe: faten wake da alayyafo, dambun zogale, alala da miyar ganye, malmalar tuwon dawa guda ɗaya da miyar kuɓewa ɗanya da kifi, kwaɗon rama da aka rage masa ƙuli-ƙuli. Dabararsu a fili take. Rabin kula ganye ne, kashi ɗaya bisa huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko kaza, ragowar kuma tuwo ko shinkafa ko dankali. Mai ne suke aunawa da cokali kamar magani, kuma suna da hujja, domin giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki), na sitaci ko furotin kuwa 4, babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Wanda ya taɓa tsayawa ya ga yadda ake tuttula mai a kan ɗanwake ko shinkafa da wake a gidajenmu zai gane inda ƙibar take shigowa ba tare da an ji an ci wani abin a zo a gani ba. Makon farko na ga abincin ya yi mini kaɗan a ido, amma na lura cewa ranar da aka kawo wake ko alala nakan kai magariba ba tare da cikina ya yi ƙugi ba, ranar shinkafa kuwa tun kafin la'asar na fara duba agogo.

Da mako ya zagayo na kai mata littafin, muka duba tare, sai ga maganarta ta fito. Cikin kwana bakwai, kusan duk rubutun da na yi ya taru ne a wurare uku. Na farko bayan sallar la'asar a ofis, lokacin da yarinya mai tallar fanke da awara take shigowa harabarmu, ni kuma in haɗa da lemon kwalba mai sanyi. Na biyu bayan isha'i a majalisarmu ta ƙofar gida, wadda mai tsire ya kafa tukubarsa taku ashirin daga tabarmarmu, mai shayi kuma yana ɗaya gefen. Na uku tsakar dare, ina kwance ina latsa waya, sai in tashi in buɗe firji ko in laluba robar cincin. Da safe da hantsi shafin fari fat yake. Shekara da shekaru ina ɗaukar kaina a matsayin mutum mara haƙuri da abinci, ashe a awa 24 na yini da dare, waɗanda suke kayar da ni ba su wuce uku ba.

A nan ne ta raba mini yunwa da kwaɗayi ta hanyar da ban manta ba. Ta ce duk lokacin da raina ya biya wani abu, in tambayi kaina ko zan iya cin ɗumamen tuwon jiya a wannan lokacin. Idan zan ci, yunwa ce, in je in ci abinci na sosai ba tare da jin kunya ba. Idan kuwa tsire kaɗai nake so, ko fanke kaɗai, tuwon bai ba ni sha'awa ba, to kwaɗayi ne, shi kuma yana tasowa ne ya kai ƙololuwa ya sauka, ko an biya masa buƙata ko ba a biya ba. Ta ce in ba shi minti 15, in tashi daga wurin, in yi alwala ko in sha ruwa ko in taka zuwa bakin titi, idan na dawo yana nan, in ci ɗan kaɗan a zaune, in rubuta. Ba kullum dabarar take ci ba, amma a lissafin littafina ta yi aiki fiye da sau biyu cikin uku, kuma ko a ranar da ta gaza, abin da nake ci bai kai rabin na da ba.

Abin da na fi yaba mata shi ne ba ta taɓa mayar da maganar wa'azi ba. Mun taso muna jin cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma gaskiya ne, amma karin maganar ba ta gaya wa mutum abin da zai yi da ƙarfe tara na dare idan iska ta kwaso ƙamshin tukuba ta jefa masa a hanci. Ita ta fi son bayyana abin da ke gudana a cikin jiki. Akwai sinadarin da tumbi yake fitarwa idan babu komai a cikinsa, ana kiransa girelin, masu bincike a Japan suka gano shi a 1999, aikinsa shi ne ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa lokacin ci ya yi. Akwai kuma leftin, wanda kitsen jiki yake fitarwa, Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano shi a 1994 a Jami'ar Rockefeller da ke New York, shi kuma yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, a sassauta. Idan mutum ya fara ramewa, leftin yakan ragu, girelin ya ƙaru, wato jiki yana ɗaukar ramar a matsayin fari ne ya shigo. Wani bincike da aka yi a Melbourne ta Ostireliya, aka buga a 2011, ya nuna cewa shekara guda bayan mutane sun rage nauyi, waɗannan sinadarai ba su koma yadda suke a da ba, kuma mutanen suna jin yunwa fiye da kafin su fara. Jin wannan bai sa na karaya ba. Ya dai sa na daina zagin kaina, na fara shirya wa abin kamar yadda ake shirya wa damina, tunda an san tana tafe.

Maganin la'asar ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Ta ce matsalata a wannan lokacin rabi yunwa ce ta gaske, rabi kuma sabo, saboda haka aka ƙara mini dafaffen ƙwai ɗaya da yalo ko gurji a cikin kular rana, da sharaɗin in ci su kafin in fita sallar la'asar, ba bayan na dawo ba, domin mai talla ta same ni da abu a ciki. Lemon kwalba kuwa ta ce babu sulhu a kansa. Yawancin irin waɗannan lemuka suna da sukari kusan giram 10 a kowane mililita 100, ke nan roba ɗaya ta rabin lita ta kai giram 50, kimanin ƙananan cokula 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum yake ci a yini, wanda ga babban mutum yake kamawa wajen giram 50 ɗin nan, in da hali ma a tsaya a giram 25. Roba ɗaya ta cinye rabon yini gaba ɗaya, kuma ba ta tare yunwa ko kaɗan. Harajin naira 10 a kan kowace lita da gwamnatin tarayya ta ɗora wa irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021 bai taɓa hana ni saye ba, amma ganin Malama ta ɗebi cokali 12 na sukari ta zuba a kofi ta ajiye a gabana ya hana ni. Na koma zoɓo da aka dafa da citta da kanumfari ba sukari, wanda na yi kwana goma ina sha ina yamutsa fuska kafin harshena ya saba.

Majalisa ce ta fi wuya, domin a can ba ciki kaɗai ake ciyarwa ba. Mu shida ne muke zama, shekara fiye da goma, kuma al'adarmu ita ce duk wanda Allah ya hore wa a ranar ya aika a yanko tsire ko balangu a shimfiɗa takarda a tsakiya. Janye hannu a irin wannan wuri yana kama da raina kyautar mutum. Da na faɗa wa Malama, ba ta ce in daina zuwa ba, kuma da ta faɗi haka da na daina biyan kuɗinta. Ta ce in ci abincin darena kafin in fita, in goge baki, in sauya wurin zama in ba tukubar baya, sa'annan in yanke hukunci tun daga gida: daren Asabar zan ci tsinke biyu, sauran darare ba zan sa hannu ba. Daren farko da aka buɗe takarda, tururi yana tashi, ga albasa da tumatir da yaji an barbaɗa, yawuna ya tsinke har sai da na haɗiya da ƙarfi. Babbanmu a majalisar ya dube ni ya ce, "Alhaji, bisimilla mana, ko an yi maka iyaka da nama ne?" Na ce, "Yaya, likita ne ya ce suga yana ƙofa, ku ci, ni ranar Asabar ce tawa." Aka yi dariya, aka tsokane ni na kwana uku, daga nan maganar ta mutu, har ya zama idan Asabar ta zo su da kansu suke ware mini tsinke biyuna.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa wannan ta yi aiki alhali shekarun baya na kasa. Mu da muke azumin sama da awa 13 a zafin Kano, muna wucewa ta gaban masu kankana da ƙanƙara ba tare da mun miƙa hannu ba, ba za a ce ba mu da juriya ba. Bambancin shi ne a cikin azumi babu ciniki. An gama magana tun da asuba, saboda haka rai ba ya ɓata ƙarfinsa wajen tambayar ko a ci ko a bari. Mai rage ƙiba kuwa yakan bar ƙofar cinikin a buɗe, kowane ƙamshi ya zo sai an zauna an yi taya da albarka, kuma a irin wannan ciniki kwaɗayi ne yake yin riba. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya yi rubutu a 1999 a kan cewa wanda ya ƙudurta tun da wuri cewa idan kaza ya faru zai yi kaza, ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya tsaya a kan zai yi ƙoƙari kawai. Abin da Malama take yi a kiran wayarta na mako-mako ke nan: ta tambayi inda zan je a makon, a tsara abin da zan ci da abin da zan faɗa kafin in isa.

Na tsakar dare kuwa barci ne maganinsa. Ta kafa mini dokar ajiye waya a falo da ƙarfe goma da rabi, ta kuma roƙi maiɗakina ta ɗauke cincin da biskit daga inda hannu yake kaiwa. A Jami'ar Chicago an taɓa taƙaita wa samari 12 barci zuwa awa 4 na dare biyu, a binciken da aka buga a 2004, sai leftin ɗinsu ya ragu da kashi 18 cikin 100, girelin ya ƙaru da kashi 28, kuma abin da ransu ya fi biyawa shi ne kayan zaƙi da na sitaci. Game da kayan leda kuma, Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya ajiye mutum 20 na tsawon mako huɗu a 2019, mako biyu a kan abincin da masana'anta ta sarrafa sosai, mako biyu a kan wanda aka dafa daga ɗanyen kaya, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kowace rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Ni dai abin da na gani a gidana shi ne tun da robar cincin ta koma saman kabad ɗin kicin, inda sai na taka kujera, ban sake tashi cikin dare dominta ba.

Sai dai tsarin yana da ramuka, kuma mafi girmansu shi ne Asabar da Lahadi da duk wata hidima ta dangi. Kula ba ta zuwa a ƙarshen mako, takardar da suke bayarwa ta waɗannan ranaku kuma an rubuta ta ne kamar mutum shi kaɗai yake rayuwa, ba shi da uwa, ba shi da surukai, ba a gayyatarsa ɗaurin aure. Duk Juma'a bayan masallaci nakan je gaishe da mahaifiyata, ita kuwa ba ta san wani abu wai shi awon abinci ba. Ranar da ta ga na tsakuri funkaso ɗaya na ture kwano, sai ta ce, "Kai kuwa lafiya? Ko abincin nawa ne ya daina yi maka daɗi?" Na ce, "Wane ni, Hajiya," na jawo kwanon na cinye. A mako na shida aka yi bikin 'yar yayata, aka shigo da gara gida, alkaki da nakiya da dubulan, na ce bari in ɗanɗana ɗaya, santi ya kwashe ni, na wayi gari na yi kwana uku ina ci kamar babu gobe, domin na riga na gaya wa kaina cewa tunda an ɓata, a ɓata gaba ɗaya. Awon makon ya nuna ƙarin kilo ɗaya da rabi. Malama ta karɓi labarin da sanyin rai, ta ce yawancinsa ruwa ne da gishiri da sitaci suka riƙe, kuma abin da ya yi ɓarnar ba alkakin farko ba ne, kwana biyun da suka biyo baya ne. Maganarta daidai ce, amma da an shirya ni kafin bikin kamar yadda aka shirya ni wa majalisa, da ban faɗa ba. A garin da kusan kowane mako akwai suna ko biki ko walima, bai kamata a bar wannan sai abokin ciniki ya yi tuntuɓe ba. Maganar Hajiya kuwa ni na warware ta da kaina: na gaya mata abin da likita ya faɗa, tun daga ranar ita ce take cewa a rage mini mai a miya, har tana faɗa idan an cika.

Ƙorafi na biyu shi ne jinkiri. Damina ce, kuma duk ranar da aka yi ruwa yaron da ke kawo kula a babur yakan makara, sau huɗu abincin ƙarfe ɗaya bai iso ba sai wajen uku. Ga mai sayar da abinci na yau da kullum wannan ƙaramin laifi ne, amma ga wanda sana'arsa ita ce tsare mutane daga kwaɗayi, barin abokin ciniki da yunwa awa biyu a ofishin da mai gasa masara yake bakin ƙofa rushe aikin ne da hannunsa. Biyu daga cikin waɗannan ranaku huɗu na ci abin da na samu. Haka kuma akwai ranakun da suke kawo abincin da na tabbata don hoto aka yi shi: ganyen latas da 'yan ƙwayoyin waje masu tsada da wani farin miya mai tsami, wanda ba ya riƙe ciki ko na awa biyu. Zogale da rama da kabewa da kuɓewa suna nan jibge a kasuwar 'Yankaba, gero da dawa da wake da acca ba su gagari kowa ba, ban ga dalilin sa ni biyan kuɗin abin da aka ɗauko daga wata ƙasa ba, wanda kuma ba zan ci gaba da saye ba bayan na bar su. Zauren WhatsApp da suka buɗe wa abokan ciniki shi ma na fice daga cikinsa a mako na uku, domin da daddare mutane suke tura hotunan abin da suka ci da wanda suka yi marmari, wato daidai lokacin da nake ƙoƙarin mantawa da abinci.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne shayin da wata ma'aikaciyarsu ta yi mini talla a wajen awo, wai yana narkar da tumbi yana kashe kwaɗayi. Na karanta jikin kwalin, babu lambar hukumar NAFDAC, kuma ganyen farko da aka rubuta shi ne filasko, wanda kowace tsohuwa a garin nan ta san maganin wanke ciki ne. Abin da yake fitarwa ruwa ne da bayan gida, sikeli ya sauka yau, gobe ya koma, kitse yana nan inda yake. Irin waɗannan kayayyaki ba abin wasa ba ne. An sha kama masu cusa sibutiramin a cikin magungunan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne, alhali an janye wannan magani daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Da na kai ƙara wurin Malama ta nuna ba da saninta ba ne, kuma ban sake ganin kwalin a wurin ba, amma wurin da ake karɓar kuɗin mutane da sunan ilimi bai kamata a ce an sayar da wannan a cikinsa ko na rana ɗaya ba.

A awon ƙarshe, bayan mako 12, na sauka zuwa kilo 91, ƙuguna ya ragu da santimita 8, awon jinina ya daidaita har likita ya ce a dakata da maganar fara shan magani. Kilo 7 ba abin da za a buga a allon talla ba ne, kuma har yanzu lissafin nan na nauyi da tsawo yana nuna ina sama da 30 da ɗan kaɗan. Amma kilo 7 daga 98 kashi 7 ne cikin 100, kuma babban binciken rigakafin ciwon suga da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu haɗarin kamuwa da aka sa wa burin rage wannan adadi, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Wanda yake da ciwon suga ko na ƙoda ko mace mai juna biyu, ya fara da likitansa kafin ya miƙa cikinsa ga kowane gidan girki, domin ni ban ga suna neman takardar asibiti daga kowa ba, sai abin da mutum ya faɗa da bakinsa.

Ga wanda ya tambaye ni ko ya biya, amsata ita ce ya biya na wata ɗaya da abinci, domin idonsa ya koyi girman malmala da yawan man da ya kamata, ya kuma tafi da wadda take yi masa girki ranar awo ta ga yadda ake aunawa. Wata na biyu da na uku na kulolin asarar kuɗi ne a ganina, tunda babu abin da suke dafawa mai amfani da ba a iya dafawa a gida da rabin kuɗin. Ni yanzu na daina karɓar abincin, maiɗakina ce take zuba mini a irin kular da na saya a kasuwar Sabon Gari, da ƙwai ɗaya da yalo biyu a gefe saboda la'asar. Awo da kiran waya kaɗai nake biya, sau biyu a wata, kuma na roƙi Malama mu zauna kafin watan azumi mu tsara abin da zan yi da ƙosai da kunun gyaɗa da soyayyen dankali idan an kira magariba, domin shafin wannan lokacin a littafina ban taɓa gwada shi ba.